In kana Amurka kuma kai baƙar fata ne: yadda za ka tsare kanka da iyalinka daga hannun ICE

Jama'a assalamu alaikum. Wannan rubutun na 'yan uwanmu ne da ke Amurka, masu takarda da marasa takarda, da masu girin kad (katin izinin zama na dindindin) da ke ganin su kam sun riga sun haye, har da iyayen da ke gida suna da ɗa ko ƙani a Bronx ko Houston ko Greensboro suna jin labarin kame a waya hankalinsu na tashi. Abin da nake so mu fara ganewa shi ne, mu baƙaƙen fata ba kasafai ICE, wato hukumar da ke kame da korar baƙin haure a Amurka, ke fara zuwa ta buga mana ƙofa ba, yawanci ɗan sanda ne ke fara taɓa mutum a kan wani ɗan abu da bai kai ya kawo ba, fitilar mota ta mutu, cacar baki da maƙwabci, talla a bakin titi ba lasisi, daga nan sai a miƙa shi ga ICE. Ɗan sandan da ya tsayar da kai bai san ko kai ɗan Kano ne ko ɗan Damagaram ko haifaffen Chicago ba, baƙar fata kawai ya gani, kuma unguwannin da muke zaune su ne aka fi cika wa 'yan sanda. Bambancin shi ne haifaffen Chicago in ya biya tara ya koma gida, kai kuma wata shari'ar ce ke jiranka a baya.

Ga yadda abin ke tafiya. Da zarar an kai ka ofishin 'yan sanda an ɗauki zanen yatsunka, zanen zai tafi hukumar bincike ta tarayya, FBI, daga FBI ya wuce ma'aikatar tsaron cikin gida wadda ICE ke ƙarƙashinta tun da aka kafa ta a 2003. Wannan haɗin tun 2008 aka fara shi. In ICE ta ga sunanka sai ta aika wa gidan yarin takarda cewa a riƙe mata kai har awa 48 bayan lokacin da ya kamata a sake ka. Wasu garuruwa kamar New York da Chicago ba sa bin wannan takardar yawancin lokaci, amma a jihohi irin su Texas da Florida da Jojiya ana bi, wasu wuraren ma 'yan sandan gari ne da kansu aka ba su izinin yin aikin imigireshin a ƙarƙashin yarjejeniyar da ake kira 287(g). Ƙungiyar BAJI mai kare haƙƙin baƙaƙen fata 'yan ci-rani tare da makarantar lauyoyi ta jami'ar New York sun fitar da rahoto a 2016 da ya nuna cewa baƙaƙen fata kusan kashi 7 cikin 100 ne kacal na waɗanda ba 'yan ƙasa ba, amma sun kai kashi 20 na waɗanda ake neman korarsu saboda wani laifi. Kar ka ce ai mun fi kowa laifi, a'a, mun fi kowa haɗuwa da ɗan sanda ne.

Abubuwan da muke ɗauka wasa

Nan zan daɗe, domin nan ne ake cin mutanenmu, musamman masu girin kad. A 1996 aka yi dokoki biyu a zamanin Bill Clinton da suka faɗaɗa jerin laifukan da ke sa a kori mutum, har ya zama laifin da kotun jiha ta ɗauka ƙarami, a wajen imigireshin babba ne. Misali sata, ko da ta riga ce a kanti, in alƙali ya rubuta maka hukuncin shekara ɗaya cif, wato kwana 365, ko da ya ce an jingine hukuncin ba za ka kwana ko ɗaya a kurkuku ba, to a dokar imigireshin ka shiga sahun manyan masu laifi, ba mafaka, ba yafiyar alƙali, sai dai wata 'yar ƙaramar ƙofa. In kuwa 364 aka rubuta labarin ya canza. Kwana ɗaya tal. Shi ya sa California a 2015 da New York a 2019 suka rage iyakar hukuncin ƙananan laifuka zuwa 364.

Dukan yaro. Na san mu a wajenmu tarbiyya ce, amma malamin makaranta da nas dole ne a kansu su kai rahoto in sun ga shatar bulala a jikin yaro, kuma laifin cin zarafin yaro yana cikin laifukan da aka rubuta ƙarara cewa ana korar mutum a kansu. Haka rikicin miji da mata, maƙwabci ya ji ihu ya kira 911, 'yan sanda suka zo, ko matar ta ce ta yafe washegari ba ruwan mai gabatar da ƙara, shari'ar ta jiha ce ba tata ba. In alƙali ya ba da umarnin kar ka kusance ta, malam kar ka kusance ta, kar ka bi ta bayan gida da sunan sulhu, karya wannan umarnin shi kaɗai ya isa. Ke kuma hajiya da ake dukanki kina shiru don shi ne ya yi miki takarda, ki sani akwai dokar VAWA tun 1994 da ta ba matar ɗan ƙasa ko mai girin kad damar neman takarda da kanta ba tare da sanin mijin ba, akwai kuma bizar U ga wanda aka yi wa laifi ya taimaki 'yan sanda. Kar wani ya ce miki haƙuri ne kaɗai mafita.

Wiwi. Matasa ku ji nan. Ana sayar da ita a shago a New York da Illinois da California, amma a dokar tarayya har yanzu haramun ce, imigireshin kuma ta tarayya ce. Ba sai an kama ka ba ma, in jami'i ya tambaye ka a filin jirgi ko wajen intabiyu ka ce eh na taɓa sha, wannan amsar tana iya hana ka girin kad. Aiki a shagon da ke sayar da ita ma matsala ne.

Sai maganar da ba a so a yi, mata biyu. Addini ya halatta, dokar shige da fice ta Amurka ba ta yarda ba. Mai girin kad da ya je gida hutu ya ƙara amarya, ranar da zai cike fom ɗin zama ɗan ƙasa, N-400, zai tarar da tambaya ko ya taɓa auren mace fiye da ɗaya a lokaci guda. In ya ce eh matsala, in ya yi ƙarya aka gano matsalar ta fi girma, don ana iya ƙwace zama ɗan ƙasar ko bayan shekaru. Ni dai ba fatawa nake bayarwa ba, cewa nake kafin a kai goro ka zauna da lauya. Auren kwangila kuwa, wanda ake biyan wata Ba'amurkiya, hukuncinsa ya kai shekara 5 da tarar dala 250,000, kuma in an taɓa tabbatar da shi a kanka to ko daga baya ka yi auren gaskiya ka haifi 'ya'ya ba za a ƙara amince da takardar da wani zai cike maka ba.

Na ƙarshe a wannan jerin shi ne ya fi ban takaici don ba da gangan ake yin sa ba. Ka je karɓar lasisin tuƙi, ma'aikaciyar ta ce kana so a yi maka rajistar zaɓe, kai kuma don kunya ko rashin jin Turancin da kyau ka gyaɗa kai. Ko a wajen aiki aka ba ka fom I-9 ka sa alama a akwatin ɗan ƙasa. Cewa kai ɗan ƙasa ne alhali ba haka ba, tun daga ƙarshen Satumban 1996, yana rufe wa mutum ƙofa har abada kuma kusan babu yafiya. Duk fom ɗin da ka ga maganar zaɓe ko ɗan ƙasa, tsaya, karanta, tambaya.

In ta riga ta faru an kai ka kotun laifi

Ka ɗauka wani ɗan uwa ne mai tuƙin Uber, aka kama shi daren Juma'a, ya kwana biyu a sel bai yi wanka ba bai yi sallah a natse ba, ran Litinin lauyan gwamnati mai fayil hamsin a hannu ya same shi a bayan kotu ya ce, ka amsa laifi kawai, tara ce da hidimar al'umma, yau za ka kwana gidanka. Wa zai ƙi? To wannan amsawar ita ce abin da ICE za ta kafa hujja da shi, ko da bayan shekara goma ne. Abin da za ka yi shi ne tun kafin ya buɗe baki ka gaya wa lauyanka, shi kaɗai a asirce, cewa kai ba ɗan ƙasa ba ne, ka ce ba za ka amsa komai ba sai an faɗa maka abin da zai jawo wa takardunka. Ba alfarma kake roƙo ba, Kotun Ƙolin Amurka a shari'ar Padilla da Kentucky a 2010 ta ce dole ne lauya ya faɗa maka. Ofisoshin lauyoyin gwamnati da yawa a manyan birane suna da masanin imigireshin a cikinsu, ka ce a kira shi. Sau da yawa ana iya canza sashen dokar da za ka amsa ko a rage kwana ɗaya, mai gabatar da ƙara bai damu ba, kai kuwa rayuwarka ce. Kuma ko an ce an goge laifin daga rekod, a wajen imigireshin yawanci bai gogu ba.

Wani abu kuma, in akwai takardar ICE a kanka, biyan beli a gidan yarin gari na iya zama miƙa kanka ne, kana fitowa suna bakin ƙofa. Iyali su tambayi lauya kafin su yi ta karo-karo.

In sun zo gida

Da asuba suke zuwa, biyar ko shida. Za su buga su ce 'yan sanda ne, wani lokaci su ce suna neman wani ne da ya yi amfani da adireshinka, su nuna hoto. Kar ka buɗe. Ba rabi ba, ba da sarƙa ba. Ta bayan ƙofa ka tambaye su su wane ne, kuma suna da waranti, in sun ce eh ka ce su zuro ta ƙarƙashin ƙofa ko su manna a taga. Sai ka duba abu uku: sama akwai sunan kotu, ƙasa akwai sa hannun alƙali, sannan sunanka da adireshinka daidai ne? Takardar da suka fi yawo da ita fom I-200 ce ko I-205, a samanta sunan ma'aikatar tsaron cikin gida ne ba kotu ba, wanda ya sa hannu kuma jami'insu ne, wato su suka rubuta wa kansu. Wannan ba waranti ne na alƙali ba, ka ce ba ka ba su izinin shiga ba. Ku koya wa yara wannan, don mu al'adarmu baƙo in ya yi sallama yaro ke rugawa ya buɗe, kuma in yaro ya buɗe za su ce an ba su izini. Masu zaman haya su shida a ɗaki biyu, ku zauna ku yi maganar nan tare, mutum ɗaya suke nema amma in sun shiga duk wanda suka tarar sai sun tambaye shi takarda.

In suka shigo da ƙarfi kar ka yi kokawa, kar ka ture kowa, kar ka gudu, kar ka sa hannu a aljihu. Mu baƙaƙe ba mu da wannan sararin. Amadou Diallo ɗan Gini walat ya zaro a ƙofar gidansa a Bronx a Fabrairun 1999 'yan sanda suka harba harsashi 41. Patrick Lyoya ɗan Kwango a tsayarwar mota aka kashe shi a Grand Rapids a 2022. Ka faɗa da baki a fili cewa ba ka yarda da bincike ba, za ka yi shiru, kana son lauya, ka haddace su da Turanci: "I do not consent to a search", "I want to remain silent", "I want a lawyer". Wani a gidan ya ɗauki bidiyo in zai yiwu, ko ya rubuta lokaci da yawansu da abin da suka ce.

A titi kuma tambaya ɗaya ce, zan iya tafiya? In sun ce eh ka tafi a hankali. In sun ce a'a ka yi shiru. Ba dole ba ne ka faɗi inda aka haife ka ko yadda ka shigo. Shiru haƙƙinka ne, ƙarya kuwa laifi ce, takardar bogi ta fi muni, saboda haka kar ka yi yawo da katin wani ko na jabu a walat. Mai girin kad da ya kai shekara 18 doka ta ce ya riƙe katinsa a jikinsa. A mota direba zai nuna lasisi da rajista da inshora, fasinja ba sai ya amsa tambayar ƙasa ba. Jihohi irin su New York da New Jersey da Maryland da Illinois da Minnesota suna ba da lasisi ko ba ka da takarda, in kana ɗaya daga cikinsu ka je ka yi, ka gyara fitilunka, ka biya tikitocinka.

Masu talla a titi ku yi hattara, a Oktoban 2025 an yi samame a titin Canal na New York aka kwashi 'yan Afirka ta Yamma masu sayar da jakunkuna da agoguna. Masallaci da makaranta da asibiti a da akwai umarnin cewa ICE ta guji kame a cikinsu, an soke shi a Janairun 2025. Kwamitin masallaci ya kamata su ware mutum ɗaya ko biyu masu takarda da jin Turanci waɗanda su ne za su yi magana a ƙofa, su kuma rubuta alamar wurin da ba na kowa da kowa ba kamar ofishin liman da ajin yara, don irin wannan wurin sai da warantin alƙali ko izininku.

Jakar da za ka haɗa tun yau

Tun ran gini tun ran zane. Ka samu jaka ɗaya ka zuba kofi na fasfo, biza, I-94 (takardar shaidar shigowarka ƙasar), duk wasiƙar da imigireshin ta taɓa aiko maka, takardar haihuwar yara, takardar aure, takardun haraji, da takardar ƙarshe ta duk wata shari'a da aka taɓa yi da kai ko da an kore ta. Ka haɗa shaidar cewa ka wuce shekara biyu a ƙasar, rasit na haya, bil na wuta, takardar asibiti, domin a Janairun 2025 gwamnati ta faɗaɗa korar gaggawa, wadda ake yi ba tare da ganin alƙali ba, ga wanda ya shigo ba ta ƙa'ida ba kuma ya kasa nuna shekara biyu, ana ta shari'a a kan hakan amma kai dai shaidarka ta zama a shirye. Kofi ɗaya a gida, ɗaya wajen amintacce mai takarda.

Lambarka ta imigireshin, wadda ke farawa da harafin A, ka haddace ta, matarka ma ta haddace. Ka haddace lambar waya biyu da ka, don wayarka za a karɓe, kuma wa ke riƙe lamba a ka yanzu? Ka rubuta wanda zai ɗauko yara daga makaranta ka sa sunansa a fom ɗin makarantar, ku yi takardar wakilci a gaban notari, wato mai izinin shaida sa hannu a takarda, don ya iya kai su asibiti, yaran da aka haifa a can a yi musu fasfo. Wani ya san yadda zai shiga asusunka na banki bisa ƙa'ida. Mai ciwon suga ko hawan jini ya rubuta sunan maganinsa.

In an kama ɗan uwanka

Awannin farko su ne komai. Ku shiga shafin neman tsararru na ICE a intanet, ku sa lambar A da ƙasar haihuwa. In da suna za ku nema ku gwada duk yadda za a iya rubuta shi, Muhammad, Mohammed, Mahamadou, Abubakar a haɗe da a rabe, sunan uba a gaba da a baya, don yadda jami'in ya buga haka na'urar ta sani. Wani lokaci sai ya kwana ɗaya ko biyu bai fito ba. Kuma suna da saurin ɗauke mutum, a kama shi a New York jibi ka ji shi a Jena ko Winnfield a Louisiana, ko Lumpkin a Jojiya, ko wani ƙauye a Texas inda ba lauya ba ɗan uwa. Shi ya sa ake neman lauya a ranar, don ƙarar neman a saki mutum a kotun tarayya, wadda lauyoyi ke kira habeas, a inda yake tsare ake shigar da ita, kuma alƙalan yankin da aka kai shi ba lallai su zama irin na inda aka kamo shi ba.

Kai da ke ciki, kar ka sa hannu a kan komai da ba ka fahimta ba. Za a ce maka sa hannu nan ka fita da wuri, takardar tana iya zama ta yarda da korarka ce ko ta barin ƙasa da kanka. Mai girin kad, fom I-407 na ajiye katinka ne da kanka, kar ka taɓa shi, alƙali ne kaɗai zai iya ƙwace maka matsayinka. In kana tsoron komawa gida ka faɗa da baki, ka maimaita, ka ce a rubuta. Ka nemi tafinta na Hausa. 'Yan uwanmu na Nijar, za a ce ai ku Faransanci kuke ji, 'yan Najeriya da Ghana a ce ai ku Turanci, in ka san labarin rayuwarka ba zai fito daidai ba sai da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci to ka tsaya a kai, kuma in tafintan bai fassara daidai ba ka faɗa wa alƙali nan take. Wayar gidan tsaro ana sauraronta, kar ka riƙa ba da labarin yadda ka tsallako ko katin wa kake aiki da shi.

Beli mafi ƙaranci a doka dala 1,500 ne amma kar ku sa rai da wannan. Ƙungiyar RAICES ta Texas ta lissafa belin da ta biya daga 2018 zuwa 2020 ta ga na 'yan Haiti ya kai kimanin dala 16,700 kowanne, sauran jama'a kuma kimanin 10,500. Yanzu ma abin ya ƙara tsauri, dokar Laken Riley ta Janairun 2025 ta ce wanda ya shigo ba ta ƙa'ida ba in an kama shi da zargin sata, zargi kawai ba hukunci ba, a tsare shi ba beli, sannan a Satumban 2025 hukumar ɗaukaka ƙara ta imigireshin ta ce duk wanda ya tsallako boda ba a duba shi ba alƙalin imigireshin ba shi da ikon ba shi beli, alƙalan tarayya da dama sun ƙi yarda da wannan, shi ya sa habeas ta zama hanyar da aka fi bi. Wannan ya fi shafar samarinmu da suka biyo ta Nikaragwa ko dajin Darien zuwa Meziko. Wanda ya shigo da biza ya zarce wa'adi yawanci yana da damar neman beli, ku tara masa wasiƙun liman da mai gidan aiki, shaidar adireshi, da wanda zai tsaya masa.

Akwai kuma sabon abu, kai mutum ƙasar da ba tasa ba. A 2025 an kai mutane Sudan ta Kudu da Eswatini da Ruwanda, a Satumba kuma aka sauke 'yan Afirka ta Yamma 14 a Ghana har da 'yan Najeriya. Wanda alƙali ya ce kar a mai da shi ƙasarsa amma bai ba shi cikakkiyar mafaka ba, shi ne ya fi zama cikin wannan haɗarin, in an ambata maka wata ƙasa kana tsoronta ka faɗa a rubuce nan take ka sanar da lauya.

Kotu da lauya

A kotun imigireshin gwamnati ba ta ba ka lauya, kai za ka nemo. Lauya mai lasisi ko wakilin da ma'aikatar shari'a ta amince da shi, su kaɗai ke da izinin ba ka shawara. Ba mai shagon sayar da tikitin jirgi da aika kuɗi ba, ba alhajin da ya shekara talatin a Harlem ya san kowa ba, Allah ya saka masa da alheri amma dokar da ya sani ta canza. Mai ce maka akwai dokar shekara goma, ka shekara goma sai girin kad, gudu ka yi. Abin da ke akwai shi ne sai kana gaban alƙali ana neman korarka, ga shekara 10, ga mata ko ɗa ko iyaye 'yan ƙasa ko masu girin kad da za su shiga wahala ta fitar hankali in ka tafi, kuma mutum 4,000 kawai ake ba a shekara. Wasu sukan cike maka neman mafaka ta ƙarya don a jefa ka kotu, in ka faɗi ka tafi. Ka nemi kwantiragi a rubuce, rasit, da kofi na duk abin da aka aika da sunanka. Kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ka gaya wa lauyanka komai, tsohon kame, tsohon aure, sunan da ka taɓa neman biza da shi. In ba kuɗi ku tuntuɓi African Communities Together, BAJI, UndocuBlack Network, Haitian Bridge Alliance, ko jerin lauyoyin kyauta da kotun ke bayarwa.

Neman mafaka wa'adinsa shekara ɗaya ne daga ranar da ka shigo, fom I-589. In ka tashi daga gida ka sanar da USCIS, hukumar da ke ba da takardun zama, cikin kwana 10 da fom AR-11, kotu kuma cikin kwana 5 da fom EOIR-33, wurare biyu ne daban, sanar da ɗaya bai isar wa ɗayan ba. Mutanenmu da yawa an yanke musu hukuncin kora ba su sani ba, wasiƙa ta tafi tsohon ɗakin da suka sauka. Ka riƙa kiran 1-800-898-7180 kana sa lambar A kana jin ranar kotunka. Tun Mayun 2025 ana kama mutane a farfajiyar kotu, lauyan gwamnati ya ce a kori shari'ar, mutum ya yi murna ya ɗauka ya ci, yana fita a cafke shi a sa shi layin korar gaggawa. In ka ji an ce a kori shari'arka ka ce ba ka yarda ba, kana son lokaci ka amsa a rubuce. Duk da haka kar ka ƙi zuwa, rashin zuwa hukuncin kora ne kai tsaye, ka tambaya ko za a bar ka ka halarta ta bidiyo, ka tafi da rakiya. In ka faɗi, wa'adin ɗaukaka ƙara bai wuce kwana 30 ba, ka tambayi lauya ainihin ranar a take.

Tafiya gida

Wanda ya zarce wa'adi da fiye da kwana 180 in ya fita an rufe masa shekara 3, wanda ya kai shekara ɗaya an rufe masa 10, saboda haka ko rasuwa aka yi, Allah ya jiƙan musulmi, ka yi lissafi kafin ka yanki tikiti. Mai girin kad da ke da wani tsohon laifi kar ya fita sai ya ga lauya, a filin jirgi ake tono su. Zaman gida fiye da wata shida yana jawo tambayoyi, fiye da shekara a ce ka yar da katin, sai in ka nemi izinin dawowa kafin ka fita. Wanda aka ba mafaka kuwa kar ya je ƙasar da ya ce yana gudu.

Dokar hana shiga ma tana ta juyawa, an sa Najeriya a 2020 aka cire a 2021, a Yunin 2025 aka rufe wa ƙasashe 12 ciki har da Chadi da Sudan da Somaliya da Haiti, a Disamba aka ƙara Nijar da Mali da Burkina Faso, Najeriya kuma aka taƙaita mata wasu bizoji. Ɗalibi ko ma'aikaci mai biza ya duba matsayin ƙasarsa a ranar da zai fita, ba abin da ya ji a guruf ɗin WhatsApp watan jiya ba. Kariyar wucin gadi ta TPS kuma, Najeriya da Nijar da Ghana ba a taɓa ba su ba, duk mai karɓar kuɗinka a kanta ɓarawo ne. 'Yan Kamaru da aka ba a 2022 an yanke tasu a Agustan 2025, mai irin wannan takardar ya fara neman wata hanyar tun tana hannunsa. Mai girin kad da ya cika shekara 5, ko 3 in yana auren ɗan ƙasa, kuma rekod ɗinsa fes yake, ya kai wa lauya fayil ɗinsa a duba sannan ya cike N-400, yaransa da ba su kai shekara 18 ba masu girin kad da ke zaune a hannunsa su ma za su zama 'yan ƙasa ta dalilinsa ranar da ya yi rantsuwa.